Kwamfutar da Waisake Ya Aiko

"Sake kunna ta," in ji Nei Vasemaca. "Kunna ta a gaban mahaifinki, ya gani da idonsa."

Na danna maɓallin kwamfutar.

Allon ya kawo haske, 'yan ɗigon nan suka fara zagaye kamar abin kirki. Zagaye ɗaya, biyu, uku. Sai fuskar ta koma shuɗiya, wani rubutu ya watsu a kai, ta ɗauke ɗif. Ta sake tashi da kanta, ta sake mutuwa.

Nei ta buga cinya.

"Ka gani, Apenisa? Wata bakwai ɗana yana tsinkar lemu a Mildura, can ƙasar waje, sanyi yana tsaga masa hannu, ya saya wa 'yarka wannan abu don ta yi karatun jinyarta. Lafiya lau ta iso garin nan. Sau ɗaya Ba'indiyen nan ya taɓa ta, sau ɗaya tak, ta haukace."

Nei, wato gwaggo, yayar mahaifina ce, kuma a gidanmu idan ta buɗe baki, ko Ta, kamar yadda muke kiran mahaifina, sai ya saukar da kai. Waisake ɗanta ne, taubashina, wanda muka tashi muna jifan juna da ɓawon kwakwa. Tun da teku ta tafi da mijina shekara uku da suka wuce, Nei ta ƙudura cewa ni da Waisake ne. Ni kuwa zuciyata ta riga ta tsaya a wani ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a garin Tavua, wurin Shalvin, Ba'indiyen da Nei take nufi.

"Nei, ta hannu ce fa," na ce a hankali. "Shi kansa Waisake ya ce a wurin abokin aikinsa ya saya."

"Ko hannu goma ta bi, da ranta ta zo! Ni nake ajiye ta. Kullum da yamma ina ɗauke ta in sa a akwatina, da safe in kawo miki tana sheƙi. Ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Kishi ne ya ci yaron nan, ya ga abin da ba zai iya saya miki ba."

Ta ya ɗago daga kallon tabarma.

"Sainimili, ranar Asabar dangin Waisake za su kawo tambuwa."

Tambuwa haƙorin katon kifin teku ne da ake neman aure da shi. Idan mahaifi ya miƙa hannu ya karɓa, magana ta ƙare.

"Ta, ka ji ni." Na rarrafa kusa da shi, hawaye suna zuba. "Waisake ya ce zai samo mini aiki a inda ake zuba lemu a kwali, 'yata Torika kuma ta zauna da Nei. Shekararta huɗu, Ta. Uba ɗaya ta rasa, kada a sa ta rasa uwa tana raye. Har yau idan aka yi tsawa, rigata take riƙewa."

"Ni ban iya raino ba ke nan?" in ji Nei.

"Ban ce haka ba, Nei."

"Shiru," in ji Ta. "Ba don launin fatarsa nake magana ba. Amma mutumin da zai ɓata kayan wani saboda kishi, ba zai zauna a kan tabarmata ba."

"Idan ba shi ba ne fa?"

Ya kalle ni, ya kalli yayarsa.

"To ya zo ranar Juma'a, a gabana, da rana tsaka. Idan ya tashe ta, zan saurare shi. Idan ya kasa, Mili, kada na sake jin sunansa a bakinki."

* * *

Washegari na goya jakata, na riƙe hannun Torika, muka hau bas zuwa Tavua.

Shagon Shalvin yana tsakanin tela da mai sayar da roti, gurasar Indiyawa, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Yana ganinmu ya ajiye wayar da yake gyarawa.

"Manyan baƙi! Torika, kin zo karɓar bulo ɗinki?" Ya miƙa mata wata matacciyar waya da yake ajiye mata don wasa. Sannan ya ga idona. "Waye ya mutu?"

"Mu ne za mu mutu, ranar Asabar."

Na kwashe komai na faɗa masa. Ina magana ina share fuska da gefen zani, don kada yarinyar ta gani.

Fuskarsa ta canja.

"Mili, manhajar makarantarki kawai na sa mata. Minti goma. Kin san ba zan..."

"Da ban sani ba, da ban hau bas ba."

"To shi ke nan." Ya jawo kujera ya zauna, muryarsa ta koma ta aiki. "Ta taɓa faɗuwa?"

"A'a."

"Ruwa? Shayi? Hannun wannan 'yar sarauniyar?"

"Ko kusa da ita ba a barin Torika ta je. Shi ya sa Nei take kwana da ita a gidanta."

"Idan ta yi shuɗi, rubutu iri ɗaya take nunawa?"

Na ciro littafina na makaranta na buɗe bayan shafi. Duk lokacin da ta mutu, sai in kwafe layin ƙasa, harafi bayan harafi, kamar yadda aka koya mana rubuta zafin jikin mara lafiya. Sau tara, kuma babu biyu da suka yi kama.

Ya duba, ya sake dubawa, ya yi ɗan fito.

"Ke dai za ki yi nas ta gaske. Amma wannan ba labari mai daɗi ba ne. Da manhaja ce ta lalace, kuka ɗaya za ta riƙa yi. Wannan kullum da sabon kuka. Ina jin tsoron ciwon yana jikinta."

"Za ka iya?"

"Ban sani ba. Sai na gani."

Na so ya yi mini ƙarya. Na so ya bugi ƙirji kamar yadda Waisake zai yi. Hawaye suka sake ƙwace mini.

"Shalvin, idan ka kasa, a gaban kowa za ka kasa. Nei za ta yi maka dariyar da za a ji har bakin rafi. Ba dole ba ne ka zo. Wataƙila gara ka nemi 'yar gidanku, ka huta da ni da kayana."

"Wane kaya? Wannan?" Ya nuna Torika, wadda ta kara matacciyar waya a kunne tana yi wa wani faɗa. "Ke, tun da na faɗa wa mahaifiyata sunanki, kwana huɗu ke nan ba ta murza mini roti ba. A wurin maƙwabci nake saya kamar maraya. Na sha wannan wuya, sai yanzu in ja da baya saboda tsohuwar kwamfuta?"

Na yi dariya cikin kuka.

"Ka ɗaura zani, kada ka zo da wando. Kada ka sa hula. Idan za ka wuce bayan mutum, ka sunkuya."

"Mili, a nan aka haifi kakana."

"Na sani. Amma a gaban Nei ba a haifi kowa ba."

* * *

Ranar Juma'a da hantsi ya iso, zaninsa a ɗaure har ƙauri, jakar aiki a hannu ɗaya, damin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a zaman girmamawa, a ɗayan, an naɗe shi da jarida. Ya cire takalmi, ya shigo a sunkuye, ya zauna a bakin ƙofa inda baƙo mara matsayi yake zama. Ya tura damin gaban Ta, ya faɗi kalmomin gaisuwa ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ta ya karɓa, ya tafa sau uku.

Shalvin ya juya. "Ina kwana, Nei."

"Ni ba Nei ɗinka ba ce," ta ce. "Ka yi abin da ya kawo ka."

Nei ta ajiye kwamfutar a tsakiyar tabarma, ta warware ƙyallen ɓawon itace da take naɗe ta da shi. Murfin yana ƙyalli kamar fuskar jariri bayan wanka. Sannan ta jingina wayarta da gwangwanin biskit, sai ga fuskar Waisake, da hular sanyi, bishiyoyin lemu a bayansa.

"Taubashiya!" ya yi ihu. "Har yanzu kina da wannan goshin? Ina likitan naki? Kai, malam, a hankali da ita, ta fi shagonka tsada."

"Sannu da aiki, Waisake," in ji Shalvin. "Zan bi ta a hankali."

Ya cire batir, ya danne maɓallin kunnawa yana ƙirga a ransa, ya mayar, ya kunna. Shuɗi.

Ya cire batir gaba ɗaya, ya bar ta a kan caja kawai. Shuɗi.

"Da ma," in ji Nei.

Ya juyo gare ni. "Aikinki na makaranta yana filashi?"

"Duka."

"To, Momo," ya ce wa Ta, yana kiransa kawu don girmamawa, "zan wanke ta tas, in zuba mata sabuwar manhaja daga farko. Idan abin da na sa mata ne ya ɓata ta, wankin zai tafi da shi."

Ya soka filashinsa. Wani allo ya fito, lamba ta fara hawa. Biyar cikin ɗari. Goma sha biyu. Na ɗora Torika a cinyata na rungume ta har ta ce ina matse ta. Ashirin da takwas. Talatin da huɗu.

Shuɗi.

Waisake ya fashe da dariya daga cikin waya. Nei ta ɗaga hannu sama.

Shalvin bai kalli kowa ba. Ya sake farawa. Wannan karon ko ashirin ba ta kai ba.

"Apenisa, me kuma kake jira?" in ji Nei. "Ya kashe ta, yanzu yana wasa da gawa."

Na ji ɗumin hawaye a kumatuna. Na kalli Ta, na ga ya fara gyara zama irin na mai shirin yanke magana. Gobe Asabar. Na sunkuyar da fuska a kan gashin 'yata.

Sai na ga Shalvin ya kwantar da kunnensa a gefen kwamfutar, kamar mai sauraron cikin mai juna biyu. Ya taɓa ƙasanta da bayan hannu, ya janye da sauri.

"Momo, manhajata ta tafi, amma ciwon yana nan. Kuma fankarta ba ta juyawa. Ina neman izini in buɗe cikinta."

"Zai yanka ta!" in ji Nei. "Zai sace kayan ciki ya sa na jabu!"

"A gabanki yake," in ji Ta. "Buɗe."

Ya kifa ta a kan tawul. Ya kwance ƙananan sukurori ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a murfin kwalba. Ya sa farce, ya ɗaga marfin baya.

Ƙamshi ya tashi ya cika ɗakin.

Man kwakwa ne da sandal, da ɗan furen da ake tsinkowa a bayan coci. A ƙauyenmu kowace mace da irin haɗin manta, ko da ido rufe za ka san wadda ta wuce. Wannan kuwa da shi aka shafe ni ranar da aka haife ni, da shi aka shafe Torika. Da shi ake goge tambuwar da ke kwance a akwatin Nei.

Na leƙa. Fankar ta cushe da wani baƙin danƙo, mai da ƙura sun haɗu sun daskare. Man ya gangara har kan wani siririn koren allo, ya jiƙe bakinsa.

Jinina ya tafasa. Kwana uku tana kiran shi ɓarawo, mai kishi. Ga gaskiya a buɗe a tsakiyar tabarma, kalma ɗaya kawai zan faɗa. Na buɗe baki.

Shalvin ya ɗago ido ya kalle ni. Ya girgiza kai, kaɗan, yadda ni kaɗai na gani.

"Me ka samu?" in ji Ta.

"Wani abu mai maiƙo ya bi ta ramukan iska, Momo. Ya kama fanka, ya taɓa memori, wato wannan koren, inda take riƙe abin da take yi. Shi ya sa take mantuwa a tsakiyar hanya ta faɗi."

Ta ya miƙa yatsa ya dangwali danƙon, ya kai hanci. Ya daɗe a haka.

"Waye ya zuba?"

"Momo, aikina yana nuna mini abin da ya shiga, ba ya nuna mini hannu. Abin da zan iya cewa, ba aikin mugunta ba ne. Mai mugunta ruwa yake zubawa."

Nei tana kallon bango.

Shalvin ya ciro kwalbar sifirit da auduga da tsohon buroshin haƙori. Ya zare memorin, ya goge bakinsa har ya koma ruwan zinariya. Ya cire fankar, ya wanke fiffikenta ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya juya ta da tsinke har ta riƙa gudu da kanta. Ya bar komai ya bushe a bakin taga, yana zaune hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya mayar, ya ɗaure, ya soka filashi.

Da ya danna, wata 'yar iska mai sanyi ta fito ta gefe, ta motsa gashin Torika.

Goma. Ashirin. Talatin da huɗu, inda ta mutu ɗazu. Talatin da biyar. Hamsin. Wata kaza ta leƙo ta ƙofa, ba wanda ya kore ta. Saba'in da tara. Casa'in da shida.

Ɗari.

Kwamfutar ta mutu, na kusa yin ihu, sai Shalvin ya ce, "Haka take yi, bari ki gani." Ta tashi. 'Yan ɗigon suka zagaya, suka zagaya, sai allo ya buɗe fes, yana tambayar sunan mai ita.

Ban san lokacin da na fara kuka da ƙarfi ba.

"Ni ce."

Muryar Nei ce, amma ban taɓa jin ta ƙanƙanta haka ba.

"Ni ce, Apenisa. Gishirin teku yana cin komai a garin nan, ya ci keken ɗinkina, ya ci rediyonka. Na ce ba zai ci guminsa ba. Kullum da yamma idan na shafa wa tambuwa mai, sai in shafa mata. Ramukan nan kuwa na ga kamar sun bushe, sai in bi su da gashin kaza." Ta goge ido da gefen riga. "Na ɗauka gata nake yi mata."

Daga cikin waya Waisake ya saki wani irin ihu, yana kiran uwarsa Na kamar kullum.

"Na! Gyaran amarya kika yi wa kwamfuta? Wayyo cikina! Bari in faɗa wa yaran nan!"

"Rufe mini baki, mara kunya!"

Waisake ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya natsu, ya matso da fuska kusa.

"Kai, likita. Ka san tun da ka buɗe, ko?"

Shalvin ya sunkuya yana mayar da kayan aikinsa cikin jaka.

"Hm," in ji Waisake. Ya sosa kai. "Taubashiya, ni dai da ni ne, da tuni na tara gari. Ana kirana, motar lemu ta zo." Allon wayar ya yi baƙi.

Ta ya sa aka kawo akushin yangona. Da kansa ya tace, abin da ban taɓa gani ya yi wa baƙo ba. Da ya cika ƙoƙon farko, ya dubi bakin ƙofa.

"Kai, me kake yi a can wurin takalma? Matso sama."

Shalvin ya rarrafo. Ya tafa sau ɗaya, ya karɓa, ya shanye a tashi ɗaya, ya tafa uku.

"Tambaya ɗaya," in ji Ta. "Yarinyar nan fa?"

"Akwai makarantar yara a bayan shagona, Momo. Na riga na tambaya, suna ɗauka daga shekara huɗu. Inda uwarta ta kwana, nan za ta kwana."

Ta ya gyaɗa kai a hankali, ya juya ga yayarsa.

"Vasemaca, gobe tambuwa ta zauna a akwati."

Sannan ya juya ga Shalvin.

"Mahaifinka yana shan yangona?"

"Ya fi ni, Momo."

"To ka zo da shi. Mahaifiyarka ma, idan ta yarda."

Shalvin ya saci kallona. Mu biyu kaɗai muka san wannan wani dutsen ne da ba mu hau ba tukuna. Amma a ranar ban ji tsoronsa ba.

Nei ta miƙe a sunkuye, ta naɗe ƙyallenta, ta bar kwamfutar a gabana. Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kai, mai gyara. Tambuwar fa? Ita ma in daina shafa mata?"

"A'a, ita ki ci gaba, Nei."

Na jira ta sake cewa ita ba Nei ɗinsa ba ce.

"To," in ji Nei, ta zura takalmanta.